Homunkulus: ɗan mutumin da aka ce yana tsugune cikin maniyyi

Akwai wani tsohon zane da ake yawan gani a littattafan ilimin halittu: ƙwayar maniyyi da doguwar jelarta, a cikin kanta kuma ga wani ɗan tsurut ɗin mutum ya haɗa kai da gwiwa, kansa ya fi jikinsa girma. Shi ne ake kira homunkulus. Kalmar Latin ce, daga "homo", wato mutum, aka ƙanƙantar da ita. Da Hausa sai mu ce ɗan ƙaramin mutum.

Da farko kalmar tana hannun masu alkimiyya ne, waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu wajen neman mayar da dalma zinariya. A wani rubutu na 1537 da ake jingina wa Paracelsus, likita ɗan ƙasar Suwizalan, an ce a toshe maniyyi a kwalba, a binne cikin kashin doki kwana 40, sannan a yi mako 40 ana ciyar da abin da jinin mutum, wai ɗan mutum zai fito da gaɓoɓinsa cif. Tatsuniya ce, amma sunan ya zauna.

A 1677 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya gwanance wajen haɗa madubin ƙara girma, ya duba maniyyi ya ga wasu halittu masu jela suna ta iyo. Ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan, cikin jin nauyi, har yana cewa idan suna ganin abin zai zama abin kunya su bar shi a tsakaninsu. Ganin nan ya faɗo daidai kan tambayar da ta daɗe tana cin ran masana: ta yaya ɗigon ruwa marar siffa yake zama jariri mai ido da kunne da yatsu goma? Wa yake shirya gaɓoɓin?

Amsar da ta fi karɓuwa a lokacin ita ce, ba a shirya komai a cikin mahaifa. Mutumin a shirye yake tun asali, ƙanƙanta ce kawai ta ɓoye shi, wata tara kuma na girma ne. Sai aka rabu gida biyu kan inda yake zaune. Wasu suka ce a maniyyi yake, mace gona ce kawai da ake shuka a cikinta. Wasu suka ce a ƙwan mace yake yana barci, aikin maniyyi ya tashe shi. Nicolas Malebranche na Faransa ya riga ya kai maganar ƙarshenta tun a 1674: idan jaririn cikakke ne, to shi ma yana ɗauke da nasa 'ya'yan, su ma da nasu, kamar kwanonin jeren amarya, a buɗe babba a tarar da ƙarami. A bisa wannan lissafin, duk wanda za a haifa har tashin duniya yana ƙunshe a jikin Hauwa'u, ko a jikin Adamu ga masu ɗaya ra'ayin.

Zanen nan da ya shahara na Nicolaas Hartsoeker ne, shi ma ɗan Holan, a littafinsa na 1694. Ana yawan yi masa ƙarya cewa ya ce ya gani da idonsa. Bai ce ba. Ya zana abin da yake tsammanin za a gani ne da madubi ya kai ƙarfin. Wanda ya yi iƙirarin gani wani ne da ya ɓoye sunansa a 1699, ya kira kansa Dalenpatius, kuma masana tarihi da yawa suna ganin shaƙiyanci ne ya yi wa masu ra'ayin.

Ni dai ba na saurin yi musu dariya. Sai wajen 1839 aka tsayar da cewa jiki daga ƙananan ƙwayoyi aka gina shi. Wanda ya ƙi yarda da ɗan mutumin a wancan zamani, dole ya ce wani ɓoyayyen ƙarfi ne ke tsara gaɓoɓi, kuma ba shi da abin nunawa.

Amma akwai hujjar da duk mai kiwo ya sani: alfadari. Idan jaki ya hau goɗiya, abin da aka haifa ba jaki ba ne, ba doki ba ne, ya ɗebo daga nan ya ɗebo daga can. Da yana cikakke a jikin ɗayansu, ta ina kamannin ɗayan suka shigo? Haka ma yaron da ya ɗauko hancin uwa da goshin uba. Musulmi zai tuna hadisin Ummu Sulaim, inda aka kafa hujja da kamannin da ɗa yake yi da uwarsa wajen nuna cewa ita ma tana da nata ruwan. Wajen 1750 Pierre Maupertuis ya bibiyi wani gida a birnin Balin na Jamus da ake haifar masu cindo, ya ga yatsan na shida yana bi ta wajen mata, yana kuma bi ta wajen maza. Ga kuma wata matsalar da ta dami masu addini: idan kowace ƙwayar maniyyi mutum ce, ina makomar miliyoyin da ba su kai gaci ba?

Sauran aikin madubi ne ya ƙarasa shi. A 1759 Caspar Wolff ya zauna kan ƙwan kaza yana kallon yadda gaɓoɓin ɗan tsako ke fitowa ɗaya bayan ɗaya daga inda babu su. Karl von Baer ya gano ƙwan dabba mai shayarwa a jikin karya a 1827, Oscar Hertwig kuma ya ga haɗuwar maniyyi da ƙwai a bushiyar teku, wata ƙaramar halittar ruwa mai ƙayoyi, a 1876. Abin da ake gada yanzu an san shi: kuromosom, wato wasu zarurruka da ke cikin ƙwayoyin jiki, 23 daga uwa, 23 daga uba, babu hannu babu ƙafa a cikinsu, sai umarnin yadda za a gina su.

Kalmar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi zuwa ƙwaƙwalwa. A 1937 likitan tiyata Wilder Penfield, a Montreal ta Kanada, ya fitar da taswirar da ke nuna wane sashe na ƙwaƙwalwa ke kula da wane sashe na jiki. Da aka zana mutum bisa girman rabon kowace gaɓa, sai ya fito da manyan hannaye da leɓɓa da harshe, gangar jiki kuwa 'yar mitsitsiya. Ɗaliban likitanci har yau homunkulus suke ce masa.

Masu falsafa kuma suna jifan juna da kalmar idan wani ya kawo bayanin da ya tura tambaya ciki kawai. Ka tambayi mutum yadda muke gani, ya ce ido na aika hoto cikin kai, can kuma akwai mai kallon hoton. Sai ka tambaye shi, shi wannan mai kallon da wane ido yake gani, kuma wa ke zaune a cikin nasa kan.