Kafin a Yi Wanka, a Zo Asibiti

Jama'a, akwai abin da ke damuna ƙwarai a aikinmu na asibiti. Sai a kawo yarinyar da aka yi wa fyaɗe bayan kwana huɗu, an yi mata wanka, an wanke tufafinta tas. Na san tausayi ne ya sa iyaye yin haka. Amma ruwan nan ya tafi da shaidar da za ta tsaya mata a gaban alƙali.

Mai laifi yakan bar alama: jini, maniyyi, yawu, gashi, ko fatarsa a ƙarƙashin farcen wadda ta yi kokawa da shi. A cikin waɗannan akwai ƙwayar halitta da ake kira DNA, wadda ta kowa daban take, in ban da tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya. Alec Jeffreys ne ya gano yadda ake bambance mutane da ita, a Jami'ar Leicester ta Ingila, a 1984. Da aka fara aiki da ita a binciken kisa a 1986, wani matashi ta fara wankewa, alhali ya riga ya amsa laifin da bakinsa. Daga baya ta tona asirin ainihin makashin, aka yanke masa hukunci a 1988.

Don haka in abu ya faru, kada a yi wanka, kada a kuskure baki, a garzayo asibiti. Tufafin da aka cire a naɗe su cikin takarda mai tsabta. Ban da leda, domin tana riƙe laima, funfuna ta lalata shaidar. Gaggawar ba don shari'a kaɗai ba ce: maganin kariya daga ƙanjamau dole a fara shan sa cikin awa 72. Ko an riga an yi wankan, ku zo, za mu duba ta, mu rubuta raunukan da muka gani.

Haka ma inda aka yi kisa ko fashi. Taron 'yan kallo na tattake sawu, wanda kuma ya ɗaga wuƙa don ya gani ya ɗora zanen yatsunsa a kan na mai laifi. A ceci mai rauni, sauran abubuwa a bar su yadda suke har 'yan sanda su iso.

Mu kuma ma'aikata, duk samfurin da muka ɗauka mu rufe shi, mu rubuta suna da rana da lokaci, kowane hannu da ya karɓa ya sa hannu. In aka samu giɓi a wannan jerin, lauya zai iya neman kotu ta yi watsi da gwajin.