Tambayoyi da Amsoshi: Me Ya Sa Hoton Taurari Ke Fitowa da Yashi a Legas?

Duk wanda ya ɗauki hoton sama daga rufin bene a Agege ko Idi-Araba ya san matsalar: taurari sun fito, amma bayansu kamar an watsa yashi, ga launi dabbare-dabbare. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi.

Daga ina yashin nan yake fitowa?

Wurare 3 ne. Akwai wanda hasken kansa ke kawowa, domin haske ba ya sauka daidai wa daida kan sensa, wato allon da ke karɓar haske a cikin kyamara. Akwai na zafin sensa, sai kuma ɗan wanda kyamara ke ƙarawa duk lokacin da ta karanta hoto. A Legas na farkon ne babban ciwon kai. Fitilun gari suna haska sama, hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu kuma yana watsa hasken ko'ina. Manhaja za ta iya cire farin hasken, amma yashin da ya zo da shi yana nan daram.

To mene ne maganinsa?

Tara hotuna da yawa a haɗe su. Lissafin kuwa ba shi da sauƙi: kafin yashi ya ragu da rabi sai ka ninka lokaci sau 4. Wanda ya tara hotuna 25 na daƙiƙa 30, sai ya kai 100 kafin ya ga rabin. Haka kuma sararin da ya fi wani haske sau 10 yana buƙatar kusan ninki 10 na lokaci. Shi ya sa awa 1 a gefen Epe ko Badagry, ranar da babu wata, takan fi dare guda a tsakiyar Ikeja.

Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, ban da JPEG. Ka duba histogiram, wato jadawalin hasken hoto da kyamara ke nunawa, tudun ya tsaya wajen kashi 1 cikin 3 daga hagu. Idan ya wuce tsakiya, rage daƙiƙu. Ka kuma zaɓi abin da ke saman kai. Legas tana kusa da digiri 6.5 arewa, don haka tarin taurarin Oriyon da Kaza da 'Ya'yanta suna hawa sama sosai da daren rani, can inda hazo ya fi sauƙi.

Na haɗa hotuna 100 amma ina ganin ɗigo ja da shuɗi, da layuka kamar saukar ruwan sama. Me ya faru?

Ɗigon fiksel ne masu zafi, wato ƙananan ƙwayoyin sensa da zafi ke sa su nuna haske ko da babu. Daren Legas ba ya yin sanyi, kuma hasken waɗannan ɗigo yana ninkuwa duk lokacin da zafin sensa ya ƙaru da kimanin digiri 6. Maganinsa hotunan duhu: rufe lens da murfinsa, bar ISO (ma'aunin ƙarfin haska hoto) da daƙiƙu yadda suke, ka ɗauki 20 zuwa 30 nan take kafin kyamara ta huce, don manhaja ta cire ɗigon da su. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukarsu washegari a ɗaki mai AC. Zafin bai zo ɗaya ba, sai manhaja ta cire abin da bai dace ba.

Layukan kuma suna fitowa ne idan hoto yana zamewa a hankali zuwa gefe guda, sai lahanin sensa ya ja layi. Ka riƙa gusar da kyamara kaɗan, fiksel 10 zuwa 15, bayan kowane hoto 3 ko 4, kuma ba gefe ɗaya ba. Wajen haɗawa a manhajar Siril ko DeepSkyStacker, waɗanda duk kyauta ne, kunna tsarin sigma mai watsar da abin da ya fita daban.

Gefen hoto ya yi duhu, ga wasu zobba. Shi ma yashi ne?

A'a, ƙura ce da duhun gefen lens. Ɗaura farar riga a bakin lens, haska ta da farin allon waya, ka ɗauki 20 ba tare da taɓa fokas ba, tudun histogiram a kusa da tsakiya, don manhaja ta goge ƙurar da duhun da su wajen haɗawa. Ka kuma riƙa leƙa gilashin da tocila, domin raɓar Legas tana kwanciya a kai ba sallama.

Me ya sa yashin ke ƙaruwa da zarar na fara gyara?

Dama yana nan, ƙara wa hoton haske ne ya tona shi. Bi tsari: yanke gefuna, cire bambancin hasken sama da manhajar GraXpert ko Siril, daidaita launi, sannan ka ƙara haske a hankali. Idan kore ya yi yawa kada ka yi mamaki, rabin fiksel na sensa kore suke gani, kuma Siril na da maɓallin cire shi. Kada ka mai da sama baƙi ƙirin don ɓoye yashi, tare da shi gajimaren taurarin da ka kwana kana nema zai tafi.

Manhajar goge yashi fa?

Ta zo bayan an haɗa hotuna, kuma da sauƙin hannu. Fara da rabin ƙarfi, ka buɗe hoton kashi 100 ka duba. Idan ƙananan taurari sun ɓace, ko bayan ya yi santsi kamar leda, ka wuce gona da iri, koma baya.