Dokokin filin rawar biyu-biyu idan ya cika maƙil

A zauren rawar tango na birnin Buenos Aires a Ajantina, inda ake kira milonga, fili kan cika har babu masaka tsinke. Mutane riƙe da juna biyu-biyu, kusan rabinsu da baya suke tafiya, mata da yawa a kan takalma masu tsinin dunduniya, amma da wuya ka ga an yi karo. Abin da ke riƙe da wannan tsari dokoki ne da 'yan rawa suka gada, waɗanda suke kira códigos. Babu majalisar da ta zartar da su, babu alƙalin da zai ci ka tara. Sai dai mai zaure yana da ikon ja maka kunne ko ya sallame ka, kuma tun kafin a kai nan mutane za su daina amsa gayyatarka. Irin waɗannan ƙa'idoji suna nan a duk inda ake rawar mutum biyu, da ɗan bambanci daga wannan rawa zuwa waccan.

Tushensu guda ne. A irin wannan rawa akwai mai ja da mai bi, ko namiji ko mace kowa na iya ɗaukar kowane matsayi. Mai ja shi ke zaɓar inda za a dosa, shi ke fuskantar gaba. Mai bi sau da yawa ba ta ganin abin da ke bayanta, a tango ma wata kan lumshe ido. Ta ba da amanar jikinta ga wanda yake gani. Saboda haka nauyin kiyaye karo yana wuyan mai ja, kuma a ganina duk sauran dokokin daga nan suka tsiro.

Ta farko ita ce alƙibla. Raye-rayen da ake tafiya a cikinsu, irin su wals, fokstirot, kwikstef da tango, ana zagaya fili ne akasin yadda hannun agogo ke juyawa. Hanya mai sauƙi ta ganewa: idan kana tafiya gaba, bango ya kasance a hannunka na dama. Kamar shataletale ne, kowa ya bi gefe ɗaya, wanda ya juyo ya tari jama'a shi ne mai laifi ko da shi aka buge. A babban fili zagayen yakan kasu layi biyu ko uku. A zaurukan rawar kantiri ta Amurka layin waje na masu sauri ne, na ciki na masu tafiya a hankali, tsakiya kuma an bar wa masu rawa a wuri ɗaya. A milonga ƙwararru sun fi son layin waje, kuma ba a son mutum ya riƙa tsallake-tsallake daga wannan layi zuwa wancan, ko ya wuce na gabansa. Idan na gaba sun tsaya, sai ka yi ƙananan juyi a inda kake har hanya ta buɗe. Haka kuma ba a barin wawakeken giɓi a gaba, domin duk wanda ke bayanka kai ka tsare shi.

Taku da baya shi ne ya fi jawo rauni. Mai ja da ya ɗaga ƙafa ya yi dogon taku baya ba tare da ya duba ba, kan ƙafar wata zai sauka, kuma takalman rawa na mata yawanci a buɗe suke. Shi ya sa malamai da yawa ke hana wannan taku gaba ɗaya a cunkoso, ko su ce kada ya wuce ɗaya, gajere, bayan an waiga.

Shiga fili ma da ladabinsa. Idan kiɗa ya riga ya fara, waɗanda ke ciki su ke da hanya. A tango mai ja zai tsaya a baki ya haɗa ido da mai jan da ke tahowa, sai wancan ya gyaɗa kai kafin ya shigo da abokiyar rawarsa. Wanda ba rawa yake ba kuwa, ya bi ta gefe. Ratsa tsakiyar fili da kofi a hannu haɗari biyu ne, ga karo ga ruwa a ƙasa. Tafin takalmin rawa da fata mai laushi ake yin sa don ya riƙa sulɓi daidai gwargwado, ɗigo kaɗan ya isa ya kayar da mutum ko ya riƙe ƙafa ana tsakar juyi gwiwa ta murɗe. Saboda wannan dalilin zauruka da yawa suka hana barbaɗa hoda a ƙasa.

Salsa, bachata, rumba, cha-cha da suwin ba a zagaya fili da su, kowane biyu suna da ɗan gurbinsu. Dokarsu ita ce girman taku ya bi girman wuri. Fili ya cika, a rage taku, a matso da gwiwar hannu jiki, kada a miƙe hannu gaba ɗaya, kuma mai ja ya duba gurbin da zai tura abokiyarsa kafin ya tura ta. Wannan na ƙarshen ne mutane suka fi sakaci da shi. Mutum ya koyo salo mai kyau a aji yana ɗokin nunawa, sai ya wurga 'yar mutane inda gwiwar hannun wani take jira.

Akwai abubuwan da a cunkoso haramun ne kai tsaye. Ɗaga mutum sama ko wulla shi ta kan kafaɗa ya yi suna a rawar Lindy Hop, wani nau'in suwin, wadda ta bunƙasa a zauren Savoy na unguwar Harlem a New York, zauren da aka buɗe a 1926. Abin burgewa ne, amma na gasa ne da nuni, tsakanin mutum biyu da suka daɗe suna atisaye tare, kuma yawancin wuraren rawar suwin a yau sun hana shi a filin kowa da kowa. Haka shurin ƙafa sama a tango, wanda ake kira boleo: inda mutane suka matsu, dunduniya ba ta barin ƙasa. Kwantar da abokiyar rawa baya har kanta ya kusa ƙasa shi ma sai da yardarta, sai kuma an tabbatar babu ƙafar kowa kusa. Ba ka san wadda ke fama da ciwon baya ko wuya ba.

Mai bi ita ma tana da nata aikin. Tana hango abin da ke bayan mai ja, don haka idan ta ga za a yi karo sai ta ɗan danna hannu a kafaɗarsa ko bayansa, shi kuma ya tsaya cak. Riƙon hannu ya zama sassauƙa daga ɓangarorin biyu. Wanda ya damƙe yatsun abokin rawa ya matse da babban yatsa, idan juyi ya kuskure babu damar zamewa, kafaɗa ce za ta ji a jikinta.

Duk da haka karo yakan faru. Ƙa'ida ita ce kowa ya ba da haƙuri nan take, da ido ko da ɗaga hannu, ba a tsayawa binciken mai laifi. Idan an ji ciwo, a dakata, a raka mutum ya zauna.

Sai batun gayyata, wanda a nan ne dokar ta fi canzawa. Tsohuwar al'adar zaurukan Turai ta ce idan mace ta ƙi wani, to ta zauna har waƙar ta ƙare, kada ta tashi da wani. Rubutattun ƙa'idojin da masu shirya taron rawa ke liƙawa a yanzu sun karkata ga cewa kowa na da ikon cewa a'a ba tare da kawo dalili ba, yana kuma da ikon barin rawa a tsakiya idan an taɓa shi inda bai so ko an ji masa ciwo. Ina ganin sabuwar ta fi gaskiya, domin wadda ba ta da ikon ƙi ba ta da hanyar kare kanta daga mai rawar ganganci. 'Yan tango sun daɗe da warware wannan da cabeceo: a haɗa ido daga nesa, a gyaɗa kai, wadda ba ta so ta kawar da kai, babu wanda ya ji kunya. Idan an amince, ana yin jerin waƙoƙi uku ko huɗu tare, wato tanda, har a sa ɗan gajeren kiɗan da ke nuna a watse. Mai bi da ta ce "na gode" kafin jerin ya ƙare, ta sallami abokin rawarta ke nan, kuma abin da ya kamace shi shi ne ya raka ta wurin zamanta ba tare da tambayar dalili ba.