Takardar da ɗan kamasho ya kawo maka

'Yan'uwa masu sana'ar abinci a Legas, mahauta da masu tsire da masu shayi da iyayenmu mata masu tuwo, da ku nake. Aikin duba-gari ya sa kusan kullum ina cikinku, daga Agege zuwa Idi-Araba, kuma akwai ɗabi'ar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mai sayar da abinci ana buƙatar ya yi gwajin lafiya ya karɓi takardar shaida. Da yawanmu ba ma zuwa. Sai ɗan kamasho ya leƙo rumfa ya ce, "Alhaji, ba sai ka bar kasuwa ba, kawo kuɗin takarda ka ɗora na goron oga." Bayan kwana biyu ga takarda har da hatimi, alhali ba a ɗebi jininka ba, ba wanda ya saurari ƙirjinka.

Na taɓa tarar da irin wannan takarda manne a teburin wani dattijo mai shayi. Yaron da ke dama masa madara ya fi wata guda yana tari. Da na matsa aka kai shi asibiti, ashe tarin fuka ne, cutar da ake ba da maganinta kyauta a asibitocin gwamnati. Dattijon ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, wallahi ni ban ba kowa cin hanci ba, dillali na ba." Na san har zuciyarsa haka ya ɗauka, shi ya sa maganar ta tsaya mini a rai har yau.

Baba, kuɗin naka ne, kuma don kai aka miƙa su. Dokar da ta kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC a shekarar 2000 ta tanadi ɗaurin shekara 7 ga mai karɓa da mai bayarwa, bi ta hannun wani ba ya wanke mutum. Malamanmu ma sun sha karanta mana hadisin da ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa.

Ni dai lafiya ce ta fi damuna. Mutum kan ɗauki ƙwayar taifot ba ya jin komai, yana zuba wa jama'a abinci yana raba musu ita. Wanda ya ga yadda kwalara ta kwantar da mutane a garin nan a watan Yunin 2024 ya san kwano ɗaya ya isa.

Ba dillanci nake zagi ba. La'ada halas ce idan an faɗe ta a fili. Duk wanda zai yi maka aiki da wata ma'aikata, ko na takarda ne ko na fito da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, ka sa ya rarrabe maka: nawa ne na gwamnati, nawa ne ladansa. Na gwamnati ka biya a banki, rasit ya fito da sunanka. Idan ya kawo kashi na uku da ba shi da suna ba shi da rasit, ka janye hannunka. In ma'aikaci ne ya nema, ICPC na da ofis a Legas.

Gwajin kuwa ba ya yiwuwa da aike. Ku yi magana da Sarkin Fawa ko shugaban layinku a tsayar da ranar da kasuwa ba ta cika ba, ku tafi rukuni-rukuni, a bar wasu su tsare rumfuna. Yaran shago su ne za su fara shiga layi.