Permanent, temporary da 'yan'uwansu: kalmomin Turanci na ɗorewa da sauyawa

Kalmar permanent tana yawan fitowa a takardun ɗaukar aiki da labarai, kuma kusan kullum "na dindindin" ake fassara ta. Fassarar ba ta da laifi, sai dai mai karatu yakan ji kamar an ce "har abada", alhali mai Turancin bai nufi haka ba. Tushenta Latin ne, permanere, wato zama daram ba gusawa. A amfanin yau kuwa, abin da take nufi kawai shi ne ba a yanka wa abin ranar ƙarewa ba, kuma ba a yi shi da niyyar sauya shi nan kusa ba.

Dubi permanent secretary, babban sakataren ma'aikatar gwamnati. Ministoci suna zuwa su tafi tare da gwamnatin da ta naɗa su, shi yana nan domin ma'aikaci ne ba ɗan siyasa ba. Iyakar dindindin ɗinsa ke nan. A Najeriya, in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, ritaya zai yi kamar kowa. Haƙoran da ke fitowa bayan yaro ya yi famfara, waɗanda suke kai 32 a bakin babba, permanent teeth ake ce musu, don babu wasu da za su sake tsirowa a gurbinsu, ba don ba sa faɗuwa ba. Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin suna da kujerun dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ma'ana ba sa shiga zaɓe, sauran goman kuwa shekara biyu-biyu suke yi su sauka. Hatta rubutun alƙalamin da ake kira permanent marker, ruwa ne ba ya wanke shi. A ɗiga sifirit a auduga a goga a kan gilashi, sai ya fita.

In ana son "madawwami" na gaske, eternal ko everlasting ake cewa, kuma mafi yawa a zancen Allah da lahira ake jin su. Immutable ita ce ta fi duka tsauri: abin da ba ya karɓar sauyi ko an so a sauya shi. Ta fito daga mutare, sauyawa a Latin, wadda ta haifi mutable da mutation.

Akwai biyu da ɗalibai ke yawan haɗawa da permanent. Constant ba ta maganar tsawon rai, tana maganar rashin hawa da sauka, kamar mota da ke tafiya a kan kilomita 80 cikin awa ba ƙari ba ragi, ko da tafiyar ta minti goma ce. Fixed kuma abin da aka tsayar da gangan. Kuɗin da aka ajiye a banki a asusun fixed deposit na kwana 90 yana da ranar ƙarewa sarai, ribar ce aka ƙayyade tun farko.

Kalmomin ɓangaren wucin gadi sun fi buƙatar kula, don Hausa ta rarrabe su da kyau amma mai gaggawar fassara sai ya zuba su a kwando ɗaya. Temporary, daga tempus wato lokaci, ita ce "na wucin gadi". Interim riƙon ƙwarya ne tsakanin wanda ya tafi da wanda ake jira, irin gwamnatin Ernest Shonekan daga Agusta zuwa Nuwamba 1993. Acting muƙaddashi ne, mai kujerar yana nan amma ba ya iya aikin, kamar yadda Goodluck Jonathan ya riƙe wa Umaru Musa 'Yar'adua daga Fabrairun 2010. Provisional kuwa sharaɗi ke rataye a wuyanta: wanda aka ba provisional admission bai gama shiga jami'a ba sai an tantance takardunsa, kuma ana iya janyewa in aka ga giɓi. Haka ma mai takardar ɗaukar aiki na dindindin mai fansho, wato "permanent and pensionable" ya kamata ya nemi kalmar probation a ciki, domin a aikin gwamnatin tarayya shekara biyu na gwaji ake yi kafin a tabbatar da mutum.

Sai kalmomin halin sauyawa. Variable ba ta ɗauke da zargi, abin da ƙimarsa ke iya canzawa ne, kamar x a lissafi. Volatile, daga volare wato tashi sama, sauyi ne na farat ɗaya mai haɗari. Fetur volatile ne saboda yana bin iska in an bar jarka a buɗe, farashin dala a kasuwar bayan fage ma haka ake kwatanta shi, kuma ma'adanar RAM ta kwamfuta volatile ce domin da an ɗauke wuta abin da ke cikinta ya tafi. Fickle ta fi zama a kan mutum, kuma suka ce: mai halin hawainiya, wanda ba ya tsayawa kan magana ɗaya. Wanda ya so yabon abokin aikinsa da iya tafiya da kowane yanayi, flexible ko adaptable zai rubuta. In ya rubuta fickle a takardar shaida, ya ɓata masa suna ne.