Na'urar karta ba ta tuna abin da ya wuce

Daga Gusau har Ƙaura Namoda, an daɗe ana maimaita wata magana tsakanin masu buga foka (wani nau'in cacar karta) a waya ko na'ura, cewa idan babban hannu, wato haɗin katunan da ke cin kuɗi mai yawa, ya jima bai fito ba, to fitowarsa ta kusa. Ba abin mamaki ba ne mutum ya yarda da haka, domin a rayuwa mun saba ganin damina tana biyo bayan dogon rani.

Amma karta ba ta bin wannan tsari. Katunan 52 ne, kuma ana iya zaɓo biyar daga cikinsu ta hanyoyi 2,598,960. Hannun da ya fi kowane daraja, wato 10 da J da Q da K da A masu zane iri ɗaya, hanyoyi 4 kacal gare shi, saboda haka yiwuwar samunsa a katuna biyar da aka fara raba wa mutum ɗaya ce cikin 649,740. Na'urar tana sake cakuɗa katunan gaba ɗaya kafin kowane rabo, don haka wanda ya yi asara sau dubu da wanda ya zauna yanzu matsayinsu ɗaya. Abin da ke damuna shi ne yadda wannan zato yake sa matashi ya ci gaba da zuba kuɗinsa a caca yana jiran abin da babu alkawarin zuwansa.

Kowa na iya gwadawa: a ninka 52 da 51 da 50 da 49 da 48 a kalkuletar waya, a raba da 120, adadin nan na 2,598,960 zai fito.

Don Allah a tura wannan bayani ga 'yan'uwa da abokai.