Tsimin Makamashi a Gine-ginen Hukumomin Birane

Tsimin makamashi a gine-ginen hukumomin birane shi ne matakan da majalisun birane da ƙananan hukumomi ke ɗauka don rage wutar lantarki, gas da man da gine-ginensu ke ci, tare da rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Gine-ginen sun haɗa da sakatariya, makarantu, ɗakunan karatu, ofisoshin kashe gobara da wuraren wasanni. A duniya baki ɗaya, gine-gine na cin kusan kashi 30 cikin ɗari na makamashin da ake amfani da shi. Rabon gine-ginen hukuma a ciki kaɗan ne, amma su ne hukuma ke da cikakken iko a kansu.

Tarihi

Akasari ana danganta mafarin lamarin da rikicin man fetur na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana wasu ƙasashe mai, farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Kuɗi ne ya fara tayar da hukumomi, batun muhalli daga baya ya biyo. Tun wajen ƙarshen shekarun 1970 wasu biranen Turai da Amurka suka fara naɗa jami'in da aikinsa shi ne karanta mita da bin diddigin takardun kuɗin wuta.

A 1990 aka kafa ƙungiyar ICLEI ta ƙananan hukumomi a wani taro a New York, sannan taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Rio, a Brazil, a 1992 ya nemi kowace ƙaramar hukuma ta tsara nata shirin muhalli. Biranen Jamus ne suka fi barin tarihi a wannan zango, domin sun gano inda gizo ke saƙa: wanda ya kashe fitila ba shi ke cin ribar kashewar ba. Shugaban makaranta da ya rage cin wuta, baitulmalin birni ke kwashe rarar. A wajen 1994 Hamburg ta fito da tsarin raba daidai, inda makaranta ke riƙe rabin kuɗin da ta tsimi. Ɗalibai da masu gadi suka koma lura da tagar da aka bari a buɗe alhali na'urar ɗumama aji na aiki, da fitilun baranda da ke kwana a kunne. Stuttgart kuwa, a 1995, ta buɗe asusu na cikin gida: sashen muhalli ya biya kuɗin gyara, rarar da aka samu ta koma asusun don gyara na gaba. Berlin ta bi wata hanya a 1996, ta haɗa gine-gine rukuni-rukuni ta ba kamfanoni kwangila, su zuba jarinsu, su fanshe daga abin da aka tsima.

Dokar Tarayyar Turai ta 2002 ta wajabta wa manyan gine-ginen gwamnati da jama'a ke shiga su kafe takardar shaidar cin makamashi a inda kowa zai gani. Ma'aunin farko na girman ginin da dokar ta shafa murabba'in mita 1,000 ne, aka sauke shi zuwa 250 a 2015. A 2008 aka ƙaddamar da Yarjejeniyar Magadan Gari ta Turai, inda birane ke alkawarin rage hayaƙinsu, a 2009 kuma New York ta yi dokar auna cin makamashin manyan gine-gine duk shekara, har da na hukuma.

Hanyoyi

Aikin na farawa da awo, ana lissafa abin da kowane murabba'in mita ya ci a shekara don a gane ginin da ya fi ɓarna. Gyara mafi arha shi ne saita lokacin kunna na'urorin sanyaya ko ɗumama ɗaki, kada su yi ta aiki dare da ranakun hutu babu kowa. Sai sauya ƙwan fitila zuwa LED, wanda ke cin ƙasa da rubu'in wutar tsohon ƙwai mai zare. Masu tsada su ne rufe bango da rufi da abin da ke tare zafi, sauya tagogi, da maye gurbin tukunyar ɗumama gini mai aiki da gas da famfon zafi, na'urar da ke jawo zafi daga waje zuwa cikin gini, wanda ke ba da zafi ninki uku ko huɗu na lantarkin da ya ci. Ana kuma ɗora farantan sola a kan rufi.

Saɓani

Sau da yawa rarar da ake samu ba ta kai wadda injiniyoyi suka yi hasashe ba. Akwai kuma jayayya kan ko sayen takardar shaidar wuta mai tsabta, wato mai nuna an samar da lantarkin daga rana, iska da makamantansu, na nufin an rage hayaƙi da gaske.